Tambayoyin da Aka Fi Yi Mini Kan Harbi da Riƙon Bindiga

Ni ɗan gidan maharba ne daga ƙasar Dass, tun ina yaro mai riƙe wa manya gora da burgami nake tare da bindiga. Yanzu furfura ta cika kai, zama ya dawo cikin garin Bauchi, abin da ya rage mini a harkar shi ne koyarwa: mafarauta, 'yan sintirin unguwa, samarin da ke bin hawan Sallah da bindigar toka, da iyayen da yara suka matsa wa sai an saya musu bindigar iska. Waɗannan tambayoyi kusan kowane zama sai an yi mini su. Na amsa su a nan yadda nake amsawa a baki.

Baba, a wannan zamani da bindiga ta sa gidaje da yawa kuka, me ya rage abin so a harbi?

Mai wannan tambaya yana da gaskiya, ba na yi masa musu. Duk wanda ya ga abin da 'yan ta'adda suka yi wa ƙauyukan Arewa, in ya ji an ce wasan harbi dole ransa ya sosu. Abin da ya riƙe ni shekara da shekaru shi ne natsuwar da ke cikinsa. Kafin harsashi ya tafi inda aka aike shi, sai ƙafa ta kafu, kafaɗa ta saki, numfashi ya sauka rabi ya tsaya, ido ya bar komai ya zauna kan saiti, sannan yatsa ya riƙa matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta. Mai fushi ba ya samu, mai gaggawa ma haka. Wanda ya baro rigima a gida, takardar da ya harba za ta tona masa asiri, don ramukan za su warwatse ko'ina. Na ga samari masu zafin kai, waɗanda iyayensu suka gaji da duka, harbi ya koya musu haƙuri.

Kuma harbi ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya tarar da wasu sahabbai suna gasar harbin kibiya, ya ƙarfafa musu gwiwa, ya tuna musu cewa kakansu Annabi Isma'ila maharbi ne. Sarautar Sarkin Baka da muke da ita a garuruwanmu ma daga kwari da baka ta samo suna, tun kafin bindiga ta iso.

Da gaske harbi wasa ne da ake gasa a kansa kamar ƙwallo?

Ƙwarai kuwa. Yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a birnin Atina a 1896. Wanda na fi so shi ne na bindigar iska daga nisan mita 10. Ana harba ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5, ɗigon tsakiyar takardar kuma faɗinsa rabin milimita ne kacal, bai fi ɗigon biro ba. A tsaye ake yi, harbi 60 a zagayen neman cancanta, mafi girman maki a harbi ɗaya 10.9. A wannan gasa ne Abhinav Bindra ya ci wa Indiya zinare a Beijin a 2008. Akwai kuma na bindiga mai baki biyu, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama a harbe shi yana gudu. A irinsa Ahmed Al Maktoum na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya ci zinare a 2004. Samari da yawa sun fara yi mini wannan tambaya ne bayan sun ga hoton Yusuf Dikeç na Turkiyya a Faris a 2024, hannu ɗaya cikin aljihu, ya ci azurfa.

Najeriya tana da hukumar wasan harbi ta ƙasa. Bauchi kuwa ta karɓi baƙuncin Bikin Wasanni na Ƙasa a 1991 da 2000, don haka ba baƙuwar manyan wasanni ba ce. Burina shi ne in ga an ware ɗaki ɗaya, mai tsawon da ya ɗan wuce mita 10, da bango mai tare harsashi da malami mai lasisi. 'Ya'yan maharbanmu suna da ido da hannu. Wurin da za su nuna su cikin doka suke nema.

Me kake fara koya wa wanda ya zo wurinka?

Bakin bindiga. Ranar farko ba mai taɓa ƙarfe. Karan dawa nake miƙa wa kowa, in ɗaura jan zare a kai ɗaya, in ce wannan shi ne baki. Sai mu yi ta harkokinmu: a gaisa, a zauna, a tashi, a sha ruwa, a tsallake kwalbati, a shiga zaure a fito. Duk wanda jan zarensa ya ratsa jikin wani, ko da ƙafa ce, ko da tasa ƙafar, sai ya koma baya a sake. Manya masu jikoki, waɗanda suka yi shekaru suna farauta, su suka fi faɗuwa a wannan gwaji. Mutum zai juya don amsa sallama, karan ya bi ta cikin mutum uku bai ko lura ba. A nan ne yake yin shiru ya fara saurare.

Dalilin da na dage a kan wannan shi ne, duk hatsarin da na taɓa jin labarinsa da kalma ɗaya yake farawa: "Ai ba komai a cikinta." Mai ita ya rantse ya cire harsashin jiya, ashe ƙaninsa ya fita da ita da asuba. Saboda haka a wurina babu bindigar da babu komai a cikinta. Ko yanzu ka ga na buɗe ta na duba, in na miƙa maka sai ka buɗe ka duba da idonka, kuma wannan ba raini ba ne, ladabin harkar ke nan. In baki yana kallon ƙasa ko inda ba kowa, ko ta tashi bisa kuskure abin zai tsaya a firgita da faɗa.

Addini ya riga mu faɗar wannan. Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan ya fizgi hannunsa. Ya kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada su soki wani. In an faɗi haka a kan kibiya, ina ga abin da yatsa ɗaya ke tayarwa?

Bayan baki sai yatsa. Ba ya shiga wurin kunama sai ido ya zauna kan abin harbi kuma an yanke shawarar harbawa. Wanda ya yi tuntuɓe ko ya firgita, hannunsa damƙewa yake yi ba da saninsa ba. Sai na ƙarshe, wanda a ƙasar Bauchi ya fi ko'ina muhimmanci: me ke bayan abin da ka auna? Ƙasarmu ta duwatsu ce, harsashi kuwa in ya daki falalen dutse ko fuskar ruwa yakan karkace ya nufi inda ba a zata ba. Ƙaramin harsashi mai lamba .22 yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Zana da kwano da ƙofar katako ba sa tare komai.

Mu bindigar toka muke riƙewa, ta gado. Ita ma sai an yi mata wannan taka-tsantsan?

Ita ce ma ta fi buƙata. Mai baki biyu kana karya ta ka ga cikinta. Ta toka, wadda wasu ke ce wa adaka ko harba-ka-ruga, ba ta nuna maka ko da ɗuri a ciki. Maganin wannan mai sauƙi ne: lokacin da ka tabbata babu komai, zura ƙarfen da kake danna ɗuri da shi har ƙasa, ka yi masa alama daidai baki. Daga ranar, duk lokacin da ka ɗauke ta ka zura. In alamar ta tsaya sama, akwai abu a ciki. Wannan kaɗai yana hana ɗuri kan ɗuri, wanda shi ne ke fasa bindiga a hannun mai ita ya tafi da yatsu.

In ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka sauke ta daga kafaɗa, kada ka juyo ka ce wa na kusa da kai "ka ga ta ƙi". Albarushin da ya sha raɓa yakan ci wuta a hankali ya tashi daga baya. Ka bar bakin yana kallon inda ka auna, ka ƙirga minti ɗaya cur, in ka ƙara na biyu ya fi. Leƙa bakin bindiga ko hura shi da baki, wannan ko a mafarki kada a yi. Haka nan ba a zuba albarushi kai tsaye daga kwalba ko ƙaho zuwa cikin bindigar da aka harba yanzu. Tartsatsi ɗaya da ya rage a ciki ya isa ya tayar da duk abin da ke hannunka. A auna a wani ɗan mazubi daban, a rufe kwalbar, sannan a zuba, fuska da yatsu kuma nesa da baki.

Abu biyu nake roƙon samari da girman Allah. Kada a farke harsashin zamani a juye hodarsa cikin bindigar toka. Ƙarfinta ya fi abin da wannan ƙarfe zai ɗauka, balle wanda aka yi da bututun ruwa. Kuma kada a ƙara ɗuri don taka ta fi ta kowa ƙara a gaban sarki. Ko babu dalma a ciki, tsumma da wutar da ke fita suna makantar da mutum a kusa, doki kuma in ya firgita cikin taro ɓarnarsa daban ce.

Wadda aka rataye tun bara, a duba cikinta kafin a ɗura. Zanzaro yana son bakin bindiga, yakan cika shi da laka ya yi ɗaki. Toshiyar laka, ko ta zanzaro ko ta faɗuwa a fadama, tana fasa ko da bindigar kamfani ce.

Yaya maganar lasisi? Katin ƙungiyar mafarauta bai isa ba?

Bai isa ba. Katin ƙungiya shaida ce ta cewa kai ɗan ƙungiya ne, lasisi kuwa hukuma ke bayarwa. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Akwai waɗanda aka haramta, irin na soja da ƙananan bindigogin hannu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na amfanin kai, kamar mai baki ɗaya da mai baki biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Sai ta toka, wadda lamarinta ke hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda aka hukunta kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba yana iya fuskantar ɗaurin shekara 10.

Rundunar 'yan sanda takan dakatar da bayar da sabon lasisi, don haka kafin ka kashe ko sisi je hedikwatar jiha da ƙafarka ka ji halin da ake ciki. Kada ka ba ɗan tsakiya kuɗi ya kawo maka takarda gida. Abin da aka fi mantawa shi ne bindigar gado: lasisin mamaci ba ya bin magada kamar gona. In uba ya rasu ya bar bindiga, a sanar da 'yan sanda, kada a tura ta ƙarƙashin gado a yi shiru.

Ka yarda da maganin bindiga?

A gidan maharba na tashi, na san laya da guru da ruwan wanka, ba kuma zan zagi iyayen da suka rene ni ba. Amma ga abin da nake faɗa a gaban kowa, har a gaban Sarkin Baka: ba a gwada magani a jikin mutum. Sau nawa muka ji an ɗaura wa yaro laya, an ce a tsaya a gani, aka harba, ya faɗi? Mai maganin ya ce an karya sharaɗi, wanda ya harba ya tafi gidan yari, uwa ta rasa ɗa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne bindigar toka takan ƙi tashi, wani lokaci kuma ɗurin ya yi rauni ko ya watse daga nesa, sai a ce magani ya ci. Duk wanda ya ce a gwada a kanka, ko ka gwada a kansa, tashi ka bar wurin, ka kuma faɗa wa manya tun kafin a samu wanda zai yarda. Ɗalibin da na ji ya halarci irin wannan gwaji bai hana ba, ba ya sake zama a tabarmata.

Ina ya kamata in ajiye ta a gida mai yara?

A cire harsashi, a kulle ta a akwatin ƙarfe ko kabad mai kwaɗo, harsashi ko albarushi a wani wurin daban shi ma a kulle, nesa da murhu da zafin kwano, makulli kuma a jikinka. Bayan ƙofa, saman rumbu, ƙarƙashin katifa, duk yaran gidan sun san da su tun kafin ka zaci sun yi wayo. Ɓoyewa kawai tana ƙara musu kwaɗayin gani. Gara ka zaunar da su ka faɗa musu gaskiya: in sun ga bindiga, a gida ko a gona ko a gidan aboki, kada su taɓa, su bar wurin, su kira babba.

Ina kuma so maigida ya nuna wa uwargida yadda ake gane bindiga a kulle take, don ita ke wuni da yaran. In a gidan akwai wanda ke cikin matsananciyar damuwa, ko mai shaye-shaye, ko rigimar aure ta yi zafi, bindiga ta bar gidan ta hanyar da doka ta yarda har ƙura ta lafa.

Ɗana ya dame ni in saya masa bindigar iska don harbin tsuntsu. Ai wannan ba komai?

Da komai. Tana fasa ido, kuma ta sha kashe yara in ta samu wuri mai laushi a kai ko wuya. Ita ma doka ta sa ta cikin masu buƙatar lasisi, abin da iyaye da yawa ba su sani ba. In yaro yana da sha'awa, ya koya a gaban babba mai lasisi, a kan takarda, da tudun yashi a baya, da gilashin kare ido. Harbin kurciya da ƙadangare don nishaɗi kuwa ba na koyar da shi. Hadisi ya hana a mai da abu mai rai abin gwajin saiti.

Akwai wata ɗabi'a da nake yaƙi da ita: yara kan tara ƙwayoyin harsashin a baki don saurin ɗurawa. Dalma ce, guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ƙurar ma'adinin zinare mai dalma ta kashe yara sama da 400. A aljihu ko gwangwani ake ajiye su, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Harbin sama a biki ko naɗin sarauta fa?

Abin da ya hau sai ya sauko, kuma ba a kan mai harbin yake sauka ba. Harsashin da aka harba a karkace yana dawowa da ƙarfin da zai huda kwano ya huda ƙoƙon kai, a wata unguwa da ba ta ma san ana biki ba. Harbin 'yan bindigar fada a hawan Sallah da hawan Daushe al'ada ce mai tsari, ba dalma a ciki, akwai shugaba, akwai tazara. Mai ɗaukar bindiga mai harsashi ya harba sama don amarya ta iso, ango ko waliyyi ya hana shi tun daga ƙofa.

Me ya sa tsofaffin maharba da yawa ba sa ji sosai?

Ƙarar bindiga ta wuce ma'aunin desibel 140, kuma harbi ɗaya yana iya yi wa kunne lahanin da ba ya warkewa. Wannan ƙugin da kake ji bayan harbi alama ce ta ɓarna. Abin toshe kunne na roba ba shi da tsada, ana samu wurin masu kayan aikin gini. Auduga ba ta wadatar ba.

Har yanzu kana goyon bayan farauta?

Ina goyon bayan wadda aka yi da izini, a inda aka yarda, don nama, ba tare da cinna wa daji wuta ba. Yankari, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma tana cikin wurare kaɗan da giwa ta rage a Najeriya. Ba wurin farauta ba ce, haka gandun dajin Lame-Burra da na Sumu. Maharbin da ya san daraja shi ya kamata ya fi kowa kishin waɗannan wurare, don ya san yadda dajin da ya taso a ciki ya koma fayau.

Ta fuskar hatsari, farautar dare da fitilar goshi ita ta fi ba ni tsoro. Ido biyu na ƙyalli a duhu na iya zama na gada, na iya zama na ɗan maraƙin Fulani, motsin ciyawa kuma na iya zama abokin tafiyarka da ya tsuguna. In ba ka ga dabba daga kai har wutsiya ba, ba ka ga komai ba. A farautar gayya kuma a jera a layi ɗaya, kowa ya san ɓangarensa, ba mai juyawa ya bi zomo da baki ta cikin 'yan'uwa. Kafin a hau babur ko a tsallake rafi, a cire harsashi.

In tsautsayi ya faɗa aka harbi mutum, me za mu yi kafin asibiti?

Da farko wani ya ɗauke bindigar, ya cire harsashi, ya ajiye ta gefe. Sai a nemi inda jini ke fita a danna da tsumma mai tsabta, da ƙarfi, da tafin hannu biyu, ba ɗagawa don a leƙa. In ya jiƙe a ɗora wani a kai. In hannu ne ko ƙafa, jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a murɗa da ɗan itace har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a faɗa wa likita. Kada a tona neman harsashi, kada a zuba toka ko ƙasa ko garin magani, kada a ba shi abinci ko ruwa don wataƙila za a shiga da shi tiyata. A lulluɓe shi, a kira 112 in akwai sabis, in babu a nemi mota nan take.

Kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye shi a gida ko a kai shi wurin mai cire harsashi na gargajiya. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. Asibitin ne zai sanar da 'yan sanda bayan an fara aiki. Wanda ya raka shi ya tafi da sanin irin bindigar, da nisan da aka yi harbin, da lokacin da abin ya faru, don likita zai tambaya.